Fuskar Kar-ka-motsa

A layin nan babu mai kiransa da sunansa na yanka. Kar-ka-motsa ake ce masa, domin ita ce magana ta farko da zai gaya maka in ka zauna a kujerarsa, ita ce kuma ta ƙarshe kafin ya cire maka tawul daga wuya. Mai aski ne, shekara talatin da 'yan kai yana sana'ar a ɗakin gaba na gidansa, wanda ya fasa wa ƙofa ta fuskanci titi. Ɗakin bai fi ka yi taku huɗu ka bugi bango ba. Kujera ɗaya ce mai jingina, an ɗaure mata hannun hagu da waya, sai bencin masu jiran layi, da madubi mai tabo a kusurwa, da risho da butar ƙarfe a kansa kullum tana huci. A bayan kujerar akwai labule shuɗi, in ka ɗaga shi ka shiga tsakar gidansa ke nan.

Da aska yake aiki, aska kawai. In kana son ka ɓata masa rai da sassafe, tambaye shi me ya sa bai sayi inji ba. Zai tsayar da wasa askar a jikin fatar da ke rataye a bango, ya dube ka daga sama har ƙasa kamar ka shigo masa da takalmi mai taɓo.

"Inji? Wancan abin mai kukan ƙuda? Ai ba aski yake yi ba, ɗan'uwa, tsiga yake yi. Ya cizge gashi ya bar maka guntunsa a ƙarƙashin fata, bayan kwana uku guntun ya lanƙwashe ya koma ciki, sai ka ga ƙato da mata da 'ya'ya yana yawo da wuya duk ƙuraje. Ita kuwa wannan, shafa ɗaya take yi ta wuce, ita da gashin da dattin fatar gaba ɗaya. Kuma ka taɓa jin an ɗauke wa aska wuta? Ka taɓa ganin wanda ya fita daga nan da rabin kai yana jiran a kawo lantarki?"

In ka ce kana tsoron cuta, sai ya ja aljihun teburinsa ya nuna maka. Kowane tsohon mai zuwa wurinsa da askarsa, an ɗaura mata zare a ƙota: ta Direba ja, ta Tela kore, ta mai gadin makaranta baƙi da fari. Ta sabon zuwa kuwa sai ta sha tafasa a gaban idonka. Har ma yakan ƙara da cewa babban amfanin aska ba a fata yake ba, a baki yake: ita kaɗai ce ke iya sa namiji ya yi shiru na minti goma sha biyar, kuma ya tashi yana godiya.

Duk wannan sharar fage ce. In ya ga har yanzu kana shakka, sai ya sunkuyo ya miƙo maka kuncinsa.

"Taɓa nan."

Babu namijin da ke layin nan da bai taɓa kuncin nan ba. Sumul yake kamar cikin faranti, ba ƙurji, ba tabo, ba inda gashi ɗaya ya yi gardama. Ɗan gemunsa na haɓa a zagaye tsaf, sajen a daidaice hagu da dama. Shagon ba shi da allo a waje, bai taɓa bukata ba. Fuskar nan ita ce allonsa, ita ta ciyar da 'ya'ya huɗu.

To, ga abin da layin bai sani ba: Kar-ka-motsa bai iya aske fuskarsa ba. Ko kaɗan.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar, kuma tun da gashi ya fara fito masa, shi da kawun suke yi wa juna gyaran fuska bayan an rufe shago. Wata biyu da aurensa kawun ya rasu. Da aka share makoki ya tsaya gaban madubi da aska, a zuwan ai abin da yake yi wa mutum ashirin a wuni ba zai gagare shi ba. Ina! Hannun nan da ya san kwarin kowane muƙamuƙi a unguwa, da ya zo kan nasa sai ya zama baƙo. Ya nufi dama, madubi ya kai shi hagu. Abin da ya fi muni, da sanyin ƙarfen ya taɓa masa wuya sai idanunsa su rufe da kansu, ba da shawararsa ba. Amarya ta shigo ta same shi da yanka uku yana danna tawul, jini har kan riga.

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi askar. Ba ta yi dariya ba, kuma har gobe yana gode mata a ransa saboda wannan.

"Ba ni nan," ta ce.

Ranar sai da ta yi awa guda, yana ba ta umarni ta tsakanin haƙora: kwantar da ita, ja fatar da babban yatsa, bi kwanciyar gashin, kar ki danna. Kafin shekara ta zagayo ta daina bukatar umarni. Kafin a haifi ɗa na biyu, shi da kansa ya san hannunta ya fi nasa laushi, amma wannan ko a mafarki bai furta ba.

Haka suka yi shekara talatin da ɗaya. Duk bayan kwana biyu, da asuba kafin a buɗe shago, sai ta sa sakata a ƙofar kicin, ya zauna a 'yar gajeriyar kujera ya jingina ƙeya da gwiwarta. In yara sun buga ƙofa sai a ce musu, "Inna da Baba suna shawara." Kuma wallahi ba ƙarya aka yi musu ba. Inna, kamar yadda kowa ke kiranta har shi, mace ce mai sanin lokacin magana. Ba ta kawo zance a wurin cin abinci, ba ta kawo shi a gaban yara. Sai ta bari askar ta iso daidai maƙogwaro.

"Malam, na ce ba, Auta fa makarantar koyon jinya za ta wuce."

Shi da ko yawu ba ya iya haɗiya a lokacin, me zai ce? "Uhm."

"Madalla, ka amince ke nan. Allah ya saka da alheri."

Da "uhm" ɗin nan aka canza rufin gida, da ita aka sallami ƙaninsa da ya zo kwana uku ya shekara biyu, da ita ya daina shan taba. Shi kuwa sai ya fito shago yana shafa kunci, yana gaya wa maza yadda ake riƙe gida.

Bakinsa ne ya ja masa. Wata safiya wani baƙo, bayan ya taɓa kuncin kamar yadda aka saba, ya tambaya, "To kai, Baba, wa ke yi maka?"

"Ni mana! Wa zan ba fuskata? Ko madubi ba na dubawa."

Tela na zaune a benci. Shagonsa na jikin na Kar-ka-motsa, kuma rabin wuninsa a nan yake yi, da awo rataye a wuya, yana neman wanda zai tsokana. Abokai ne tun suna samari, irin abokan da ba su taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Tela ya ce ai shi 'yarsa ta nuna masa a waya, akwai inda mata ke riƙe aska suna yi wa maza gyaran fuska, kuma an ce sun fi maza iyawa.

Da Kar-ka-motsa ya yi dariya ya bar zancen, da an wuce wurin. Amma benci a cike yake, an zuba masa ido, shi kuma in ya ga masu sauraro ba ya iya riƙe kansa.

"Mace? Aska? Haba Tela, da girmanka! Mace ko albasa ta yanka sai ta haɗa da yatsa. Ni in ba mace wuyana? Gara in ba akuya."

Benci ya fashe da dariya. A cikin dariyar ne ya ji, daga bayan labule, an ajiye murfin tukunya. Ba jefar da shi aka yi ba. A hankali aka ajiye shi, hankalin da ya sa gumi ya tsattsafo masa a ƙeya.

Washegari da asuba ya shiga kicin, babu 'yar kujera, babu ruwan ɗumi. Inna na ninke zannuwa tana jerawa a jaka.

"Ina zuwa kuma?"

"Wurin Auta. Tun watan jiya take roƙo in je in zauna da ita, cikin nan ya yi nauyi, mijinta kuma ba ya wuni a gida. Ni ce nake ta ja mata rai, ina cewa wa zan bar wa fuskar ubanta. Ashe wahalar banza nake yi. Tunda kai kake yi wa kanka, ko madubi ba ka dubawa, ai hankalina ya kwanta."

"Haba Inna, zancen shago ne fa. Ke ma kin san bakin maza in sun haɗu."

"Na sani. Na ji har da akuya." Ta zuge jakar. "Ban taɓa cewa ka yi shela da sunana ba, Malam. Shekara talatin na rufa maka asiri, ko 'ya'yan da na haifa ban gaya wa ba. Amma ka ɗauki hannuna ka yi ado da shi, sannan ka zage shi a gaban ƙattai? Inda ka faɗi maganar nan, can za ka je ka warware ta. In ba haka ba, ni da askarka har abada."

Ya so ya ba ta haƙuri, girman kai ya riƙe masa harshe. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "A gai da su Auta." Ya kai mata jaka tasha, ya dawo yana gaya wa kansa cewa a shekara talatin ai hannu ya ƙara nuna, abin da ya gagare shi yana ango ba zai gagare shi yanzu ba.

A kwana na uku ya rufe shago ya gwada. Abin da ya ƙaru a shekara talatin ɗin shi ne fatar ta saki, idon ya rage gani. Yanka biyu ya samu, ɗaya a gefen kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma ko rabin kunci bai gama ba. Ya goga alif a wurin, raɗaɗin ya sa shi taka rawar da bai shirya ba, shi kaɗai a ɗaki. Da safe ya fito da takunkumi a fuska, ya ce mura ce ta kama shi, ba ya son ya shafa wa jama'a.

An yaba masa a kwana biyun farko. A kwana na shida gashin ya fara leƙowa ta gefen takunkumin, fari fat, shi kansa bai san ya yi furfura haka ba. Tela ya karkata kai yana kallo.

"Ikon Allah. Ni dai na san mura da majina, ban san tana zuwa da gashi ba. Wannan sabuwar shigowa ce?"

"Je ka ɗinka wandon mutane, ka bar ni da abin da ya dame ni."

Abin da ya dame shi kuwa da gaske ne. Baƙo ya shigo, ya yi masa wa'azin aska tiryan-tiryan, amma in an zo wurin miƙa kunci sai wa'azin ya mutu a tsaye. Mutum biyu suka saurare shi har ƙarshe, suka dubi takunkumin da gashin da ke tsirowa ta gefe, suka ce za su je su dawo. Ba su dawo ba.

A kwana na goma sha ɗaya Kar-ka-motsa ya aikata abin da ya rantse ba zai taɓa aikatawa ba. Ya ja hula har gira, ya hau mota, ya sauka, ya sake hawa wata, sai da ya kai ƙarshen gari inda babu mai saninsa. Ya shiga wani shago mai fitilu kala-kala da kiɗa kamar gidan biki, ya zauna, ya nuna fuskarsa da yatsa. Mai injin, wani mai ƙiba da sarƙa a wuya, ya cire masa takunkumi ya yi fito.

"Baba, wa ya yanke ka haka? Kar dai irin tsofaffin nan masu aska? Ai ya kamata a hana su. Zamanin aska ya wuce, Baba, yanzu kan mutane ya waye."

Abin da Kar-ka-motsa ya haɗiye a kujerar nan, Allah kaɗai ya sani. Injin na kuka a kunnensa, amsoshi goma sha biyu na tafasa a cikinsa, ya ce, "Uhm."

Can mai injin ya tsaya, ya shafa kuncin da bayan yatsa. "Amma fa wanda ya saba yi maka kafin wannan mahaukacin, ya iya. Shekarunka ba kaɗan ba, fatar nan ko tabo ɗaya babu. Ka koma masa, kar ka sake shi."

Wannan ta fi zagin zafi.

Bayan kwana uku ƙuraje suka feso masa a ƙarƙashin haɓa har zuwa wuya, jajaye, masu ƙaiƙayi, daidai yadda ya shekara talatin yana faɗa. Ya tsaya gaban madubi yana kallonsu, kuma kai jama'a, ɗan adam! Wani ɓangare na zuciyarsa daɗi ya ji. "Ban faɗa ba?" ya ce wa madubin. Sai kuma ya tuna babu wanda zai iya nuna wa hujjar, ya mayar da takunkuminsa.

A makon ne Auta ta sauka lafiya, aka samu mace. Ya kira ya yi barka, ya sa albarka, ya yi ta kewaye-kewaye yana tambayar ruwan sama da lafiyar maƙwabtan da bai sani ba. Inna ta bar shi ya gama.

"Ya fuska?" ta ce.

"Lafiya lau."

"Madalla."

Ya ajiye wayar ya zauna a kicin, a kan 'yar kujerar, ba tare da ya san ya zauna a kanta ba. Gaskiyar magana, ba askin kaɗai ya rasa ba. Kewarta yake yi, kewa mai tsanani, irin wadda bai san tsoho na iya yi ba. Hannunta na hagu ya fi tunawa, yadda babban yatsanta ke jan fatar gefen kunnensa, da ɗumin gwiwarta a ƙeyarsa, da ƙanshin hayaƙin da ke jikin zanenta. Sai yanzu ya lura cewa a duk tsawon aurensu, minti goma sha biyar ɗin nan ne kaɗai suke zama su biyu ba kowa.

Direba ne ya kawo ƙarshen takunkumin. Tsoho ne da ya ajiye tuƙi, shekara ashirin da biyar askarsa mai jan zare na cikin aljihun teburin nan. Ya shigo ranar da ya saba, Tela da mai gadin makaranta na benci, amma ya ƙi zama.

"Kar-ka-motsa, ni ba na ɓoye-ɓoye. Ana ta magana a layi, wai wata cutar fata ce ta kama ka kake rufewa. In haka ne ka faɗa, a nema maka magani. Amma ba zan miƙa wuyana ga mai askin da ke ɓoye nasa ba. Ba ni askata."

Kar-ka-motsa ya dubi aljihun teburin. Ya san in mai jan zare ta fita yau, gobe mai kore za ta bi ta. Ya sa hannu ya cire takunkumin.

"Innalillahi!" in ji mai gadi.

"Inji ne ya yi min wannan," ya ce. "Yankan kuma ni na yi wa kaina. Ban iya aske fuskata ba, ban taɓa iyawa ba. Kuncin nan da kuka shekara kuna taɓawa, aikin matata ne. Inna ce ke min, tun muna ango da amarya."

Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya dariya ce. Tela har da faɗowa daga benci yana riƙe ciki. Matsalar mutumin da ya shekara talatin yana shirga wa mutane labari ke nan: ranar da ya faɗi gaskiya, ita ce ta fi kama da ƙarya.

"Kai, wannan ta fi ta bara!" in ji Tela yana share hawaye. "Inna? Innar da ko gaisawa ta labule take yi? Ka dai faɗi gaskiya, hannunka ya fara rawa."

"Wallahi tallahi ita ce!"

"Har da rantsuwa! Direba, riƙe ni."

Direba bai karɓi askarsa ba, amma bai zauna ba. Ya ce sai fuskar ta warke.

Da yamma Kar-ka-motsa ya kira ta. "Inna, na faɗa. A gaban Tela da Direba da mai gadi. Na warware."

"Ni ban ji ba."

"To ai ba su ma yarda ba! Dariya suka yi min, wai hannuna ne ya fara rawa."

Yana jin kukan jaririya daga can nesa.

"Suka ce hannunka na rawa?"

"Haka suka ce."

"Wa ya faɗa?"

"Tela."

"To," ta ce, ta kashe wayar.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, benci na ɗauke da mutanen nan uku, domin yanzu ba aski ke kawo su ba, kallo ne, sai ga Inna a ƙofar shago da jakarta. Ba ta ƙofar gida ta bi ba. Ta ƙofar titi ta shigo, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka fasa ƙofar. Ta gai da su ɗaya bayan ɗaya, ta amsa barka, sannan ta juya ta dubi mijinta. Ya tsaya da tawul a kafaɗa, gashi ya sake cika masa fuska, ya rame, ya zama wani tsoho da ba ta bari ba. Leɓenta ya motsa, ta danne.

"Zauna, Malam."

Ya zauna a kujerar da bai taɓa zama a kanta ba sai don hutawa. Ta ɗaga labule ta shiga ciki, ta dawo da gwangwanin da take ajiye allura da maɓallai, ta zaro aska daga ƙasansa, mai ƙotar ƙashi da ta sha hannu har ta yi santsi. Ta kama fatar da ke rataye a bango ta fara wasawa, gaba da baya, tana juya askar ta gadon bayanta ba tare da ta duba ba. Tun daga ƙarar wasawar Direba ya gyara zama. Ya san wannan ƙarar, ba ta ɗan koyo ba ce.

Ta jiƙa tawul da ruwan buta ta naɗe masa fuska, ta kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ta shafa. Shafa ɗaya ta yi daga saje zuwa muƙamuƙi, fata ta fito fes. Ta goge askar, ta ƙara. Bakin Tela a buɗe, awonsa ya zame daga wuya ya faɗi ƙasa bai sani ba.

Ta ɗaga masa haɓa da yatsa biyu, ta kai hannun hagu ƙarƙashi don ta ja fatar, sai ta tsaya cak. Yatsunta suka sake bin wurin a hankali. Ta share kumfar da gefen tawul ta leƙa.

"Wa ya taɓa min fuskar nan?"

Askar na tsaye a iska, ɗan yatsa ɗaya tsakaninta da maƙogwaronsa.

"Inna..."

"Yankan nan naka ne, na san aikinka. Ƙurajen nake tambaya. Wa ka kai wa?"

"Wani mai inji ne," ya ce da 'yar ƙaramar murya. "A can ƙarshen gari. Sau ɗaya ne kawai, wallahi."

"Sau ɗaya."

"Ko sunansa ban sani ba. Kuma ban ji daɗi ba, Allah ya gani."

"Mako biyar kacal na yi, Malam. Mako biyar."

Mai gadi ya cusa hularsa a baki. Direba ya juya yana karanta kalandar bara da ke bango, kafaɗunsa na girgiza. Inna ta yi ƙwafa, ta sunkuya, ta shiga bin tsakanin ƙurajen da bakin askar, kaɗan-kaɗan, tana kewaye kowane ɗaya, ba ta fasa ko guda ba. Sai da ta gama wuyan nan tas kafin wani ya yi numfashi mai ƙarfi.

Tela ne ya fara samun bakinsa. Ya miƙe, ya cire hula, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a shagon nan.

"Inna, na janye maganata, hannun kowa bai yi rawa ba. Amma don Allah in kin gama da shi, ga ni. Shekara talatin ashe wurin almajirin muke zuwa, malamar na bayan labule."

"A'a, Tela," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kar ka raina masa. Shi ya san fuskar kowa a layin nan, ya san inda taka ke da tsiro, ya san inda ta Direba ta lotsa. Ni in ka ba ni taka, yanka ka zan yi. Guda ɗaya na koya, ita kaɗai na iya."

Ta koma kan kuncin hagu da ya rage. Kar-ka-motsa ya so ya yi magana, ya so ya faɗi abin da ya kwana talatin da biyar yana shiryawa, amma aska na kan fatarsa. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido, suka yi hanya biyu a cikin kumfar.

"Ka ga irinta ko," in ji Inna. "Kana wanke min sabulu."

Ta share masa da babban yatsa, ta ɗebo wata kumfar ta sake shafawa.